Daga Ƙarƙashin Bonet: Laifin Kamfani Ne Ko Na Gareji?

Filin tambaya da amsa kan motoci. Kamar yadda muka saba, ba ma buga sunan mai tambaya, ba ma buga sunan motarsa ko na wanda ya sayar masa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni malamin sakandare ne, ina zaune a Rijiyar Zaki, ina koyarwa a wajen Hotoro, kullum sai na ratsa gari tafiya da dawowa. Bara, bayan Babbar Sallah, na haɗa kuɗin adashi da na wani ɗan fili da na sayar, na sayi mota irin matsakaitan nan masu ƙofa huɗu, ƙirar 2009, injin silinda huɗu, giya otomatik, 'yar Amurka. Dillali ya rantse mini wata tsohuwa ce ta hau ta a can, daga gida sai coci. Mitarta tana nuna mil 94,000. Wata uku na farko lafiya lau. Daga nan abubuwa suka fara biyo juna. Baƙin mai yana raguwa, ba ya zuba a ƙasa, amma duk sati biyu sai na ƙara. Giya tana fizga idan za ta canza, musamman da rana ta take. Gaba yana ƙwal-ƙwal ko ɗan tudu na hau. Gilashin ƙofar baya ya daina tashi, yadin rufin ciki ya saki har yana taɓa kan maiɗakina. Bakanike ɗaya ya ce a sauke inji a sa ringi, wani ya ce in je Ƙofar Ruwa in sayo wani injin, na uku kuma ya cire wani abu da ya ce na ƙasar sanyi ne, ya haɗa fanka tana yi ba tsayawa. Abokan aikina suna cewa ai wannan ƙirar haka take, kamfanin ne ya yi ta ba ƙarko, in rabu da ita. Malam, laifin kamfani ne? In sayar ko in gyara? Wallahi har kunyar fitowa da ita nake yi.
Daga wani malamin makaranta, Rijiyar Zaki.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka wa malamai da alheri. Tsohuwar nan ta dillali na san ta. Shekara ta fi 20 ina jin labarinta. A Hotoro ita ce ta hau mota, a titin Zariya ma ita ce. Wani lokaci likita ce, wani lokaci matar fasto, amma kullum daga gida sai coci. Allah ya ba ta lafiya, ta sha tuƙi.

Mu yi lissafi irin naku na aji. Ba'amurke yakan ci wajen mil 12,000 a shekara. Motar da ta kai shekara 15 ke nan ta doshi mil 180,000 in dai ta yi rayuwa irin ta sauran. Taka tana nuna rabin haka. Akan samu mai gaskiyar mita, amma mayar da mita baya aikin minti goma ne ga yaro mai kwamfuta, don haka ni ba mita nake tambaya ba. Robar takalmin burki nake dubawa, in ga ko ta cinye ta gefen dama har ƙarfe ya leƙo. Sai fatar sitiyari a inda hannu ke zama, da gefen kujerar direba inda ake murzawa wajen shiga da fita. Waɗannan ba a mayar da su baya da kwamfuta.

Akwai abin da ya fi su faɗin gaskiya. Ka tsaya a wajen motar ta ɓangaren direba, ka leƙa ƙasan gilashin gaba, za ka ga lambar casis, haruffa da lambobi guda 17. Tana nan kuma a takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, ka tabbata sun yi daidai da juna. Ka rubuta ta a Google. Da yawa daga motocin da ake kawo mana daga Amurka ta gwanjon kamfanonin inshora suke biyowa, irin su Copart da IAA, kuma sau da dama hoton motar yana nan a intanet kamar yadda take ranar da aka yi gwanjonta, da goshinta a murƙushe, da adadin da mita ta nuna a ranar. Kada ka duba a gaban maiɗakinka.

Ba don in ƙona maka rai na fara da wannan ba. Abokan aikinka sun yanke wa kamfani hukunci, alhali motar da ke hannunka ta yi rayuwa uku. Ta yi ta masana'anta, ta yi ta hannun mutanen da ba ka sani ba a wata ƙasa, yanzu tana ta hannunmu 'yan gareji. Kowace rayuwa ta bar mata tabo, kuma kuɗin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ni kaina na taɓa faɗawa. A 2018 na saya wa ƙanena mota wajen wani da nake ganin girmansa. Fenti na sheƙi, ciki na ƙamshin turare, inji kamar agogo. Da damina ta sauka sai ta fara haukan wuta: yau fitilar burki ta kama, gobe ƙofa ta kulle kanta, jibi hon ya yi kuka da tsakar dare. Ran nan ina zaune a kujerar baya ina jiran mai wayarin, sai na jawo bel ɗin kujera ina wasa da shi har ya ƙure. Can ƙarshensa, inda ba ya fitowa kullum, ga wani layi ruwan ƙasa ya ratsa shi kamar an ja da rula. Na sauka na ɗaga tayar safaya. A lungun ramin na dangwalo yashi mai laushi, fari-fari, ba irin jar ƙasarmu ba. Muka ɗaga kafet, duk mahaɗan waya sun yi kore kamar tsohon kwabo. Guguwar Harvey ta nutsar da birnin Houston a watan Agusta na 2017, motocin da ruwa ya ci kuma ba a nan suka ƙare ba. Da a ce ban ja bel ɗin nan ba, da har yau ina cikin masu zagin kamfanin da ya ƙera ta. Kai ma ka ja naka, ba ka biyan ko sisi.

Yanzu baƙin mai, don shi ne babba, shi ne kuma inda abokanka ka iya yin gaskiya. Kamfani yakan yi kuskure, har ya amsa da bakinsa. Toyota, wadda mu Kanawa muke rantsuwa da ita, ta fitar wa dilolinta sanarwa a 2011 kan injinta mai lita 2.4 da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda muke kira Muscle, cewa wasunsu suna shan mai fiye da ƙa'ida. Daga baya ta ƙara wa'adin garanti a kan wannan matsala zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ma'aunin da ta sa shi ne, idan inji ya sha abin da ya kusa lita ɗaya a mil 1,200, wajen kilomita 1,900 ke nan, kamar ka je Kaduna ka dawo sau huɗu, to za a gyara. Abin da ke faruwa a ciki kuwa, a jikin fistin akwai ringin da aikinsa kankare mai daga bangon silinda, da 'yan ƙananan huji da man yake bi ya koma ƙasa. Idan baƙin dauɗa ya toshe hujin, ringin ya maƙale, sai man ya haura sama ya ƙone tare da fetur. Shi ya sa ba ka ganin ɗigo a ƙasa. Gyaran da kamfanin ya yi kuma ba ringi kaɗai ya canza ba, har da fistin ɗin. Bakanikenka na farko ya riƙe wannan: a irin wannan ciwo, sabon ringi a kan tsohon fistin mai toshewa, bayan 'yan watanni za ka dawo inda ka baro, aljihu kuma ya yi sauƙi.

Ko taka tana cikin wannan layi ko ba ta ciki, kada kowa ya kwance maka ƙusa ɗaya sai ka auna. "Duk sati biyu sai na ƙara" ba awo ba ne, Malam, ɗalibinka ya ba ka wannan amsa ba za ka ba shi maki ba. Ka yi sabis, a cika mai daidai layin sama na geji. Ka rubuta abin da mita ta nuna a bayan littafin darasi. Kowace Juma'a da safe, kafin ka ta da ita, a wuri ɗaya mai shimfiɗe, ka zare geji ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Tsakanin layin sama da na ƙasa wajen lita ɗaya ne a yawancin irin waɗannan motoci. Bayan kilomita 1,000 za ka san gaskiyar abin da take sha. Kafin nan a duba ƙananan abubuwa. Akwai ɗan bawul ɗin numfashin inji a saman murfi, PCV ake rubuta shi, in ya lalace shi kaɗai yana sa shan mai, kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba. A zare fulogogi a gani ko akwai mai jiƙe da mai. Wani ya tsaya a baya da asuba lokacin da za ka ta da ita: hayaƙi shuɗi da ya fito farko sannan ya ɗauke, robobin bawul ne, ba sai an sauke inji ba.

Idan awo ya nuna lita ɗaya take sha a wata, inji ba ya ƙara, ba ya zafi, ƙarfinsa yana nan, ni dai da tawa ce ba zan buɗe ta ba. Galan guda a but, geji duk Juma'a. Na san injuna da suka yi shekaru a haka. Abin da ke kashe su mantuwa ce. Jar fitilar nan mai hoton buta ba cewa take mai ya ragu ba, cewa take matsin mai ya riga ya faɗi. Wanda ya gan ta a kan gadar Ƙofar Nassarawa ya ce bari ya ƙarasa gida, a gida zai ji inji ya buga.

Zancen sayo inji a Ƙofar Ruwa kuwa, ina da mutanen kirki a can da muka yi shekaru muna hulɗa, amma injin da ke ajiye a ƙasa cinikin biri a sama ne. Ɗan gidan su naka ne, shekarunsu ɗaya, ba mamaki ciwonsu ma ɗaya. In ta kai ga haka, a buɗe murfin sama a gaban idonka ka ga launin ciki. Ruwan zuma shi ake so, baƙi mai dunƙule kamar kwalta a bar musu. Ku kuma yi maganar kwanakin gwaji tun kafin kuɗi ya fita daga hannunka, a rubuce.

Bakanikenka na uku shi ne ya fi ɓata mini rai, don shi ne ya yi ɓarnar da kai ka biya kuɗinta. Abin da ya cire sunansa tamostat. Wannan magana ta "na ƙasar sanyi ne" na gaje ta ni ma daga maigidana lokacin ina yaron gareji, na kuma cire wa mutane da hannuna, Allah ya yafe mini. Duk wanda ya je Umara ya ga irin waɗannan motoci ana tasi da su a Makka da Jidda, a zafin da ya fi namu, da tamostat ɗinsu a ciki. Aikinsa tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. An ƙera injin ne ya yi aiki a kusa da digiri 90. In ka cire shi ka kuma bar fanka tana yi ba hutu, da safiyar hunturu za ka bar Rijiyar Zaki ka wuce Kabuga inji bai ɗumama ba. Kwamfutar mota tana ganin sanyi sai ta yi ta ƙara fetur, a wannan zamani da tun cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 kowa ya san kuɗin lita. Rarar fetur ɗin tana wanke man da ke bangon silinda, tana sirka baƙin mai, tana ƙara dauɗar da ke maƙale ringi. Ka ga garin neman gira an taɓa ido. A mayar da tamostat, a mayar da fanka kan layinta ta riƙa tashi da kanta. In mota tana zafi da tamostat a ciki, to wani abu ne daban: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. Mu kuma daina ɗura ruwan leda da na burtsatse a lagireto. Shi ke kawo tsatsa da farin gishirin nan da ke toshe bututu. Ruwan da aka yi don inji, ja ko kore, shi za a zuba.

Haka ma baƙin mai. Ka duba murfin da ake zuba mai, yawanci an rubuta irin wanda ake so, 5W-20 ko 5W-30. Mu kuwa mun saba da 20W-50 mai kauri tun zamanin Fijo, muna ganin kauri shi ne ƙarfi. Injunan nan hanyoyin mansu sirara ne, da matsin mai ma suke juya lokacin buɗe bawul. Da safe mai kauri yana jinkirin isa sama.

Giya, kafin a ce ta mutu, a tambayi abin da aka zuba mata. Ba kowane jan mai ne man giya ba. Muscle tana son WS, Honda tana son nata DW-1, kowane kamfani da nasa, yana rubuce a littafin motar. A zare a duba: in ya yi baƙi yana warin ƙonewa, a tsiyaye abin da ya fita a zuba daidai adadinsa na asali, bayan sati biyu a maimaita. Kada a yarda a tura mata mai da injin matsi a ce wanki ake yi, tsohuwar giya ba ta son haka. A sa kwamfuta a karanta, a kuma duba robobin da inji ke zaune a kansu. Sau da yawa fizgar da direba ke ji robar ce ta yage, inji yana tsalle, giyar ba ruwanta.

Sauran ƙorafinka na tsufa ne da rana. Ƙwal-ƙwal ɗin gaba, 'yan sandunan da ke riƙe da ƙarfen daidaito ne ko bushin, roba ce ta shekara 15 ta haɗu da ramukan da damina ke bar mana. Amma a ɗaga motar a girgiza taya a duba boljoyin, mahaɗin da ke riƙe taya da ƙafar mota, wannan ba a ɗaga masa ƙafa. Duk motar da ka gani ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta karkace waje, shi ne. Ka kuma hana mai faci ɗura maka iska 45 ko 50. Takardar jikin ƙofa ta faɗi adadi, yawanci 30 zuwa 33 ne. Taya mai tauri kamar dutse ita ke kai kowane rami kai tsaye cikin bushin da dashbod. Gilashi, ƙurar hunturu ce ta cika hanyarsa har waya ta tsinke ko makunni ya ƙone. Yadin rufi kuwa, soson da ke tsakaninsa da allo ne zafi ya mayar gari, masu ɗinkin kujerar mota za su sake shi a yini ɗaya.

Na san akwai dattijon da zai karanta wannan ya ce Allah ya jiƙan Fijo 504. A kanta na koyi aiki, kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma gaskiya an yi ta daidai hanyoyinmu. Amma mun manta cewa duk wata sai an zauna a kan kafireto, an goge kwantak, an ɗaure wannan an saki wancan. Ba lalacewa ce ba ta yi ba, gyaranta ne ba ya gagarar mai sifana uku a gefen hanya. Na yanzu sun fi ta nisan kwana, sai dai ba sa yafe mai na ƙarya da hannun da bai sani ba.

Shawarata, kada ka sayar yanzu. Wanda zai saya zai ji ƙwal-ƙwal ya ga rufi a sake, ya yanke maka kuɗi ninkin abin da gyaran zai ci, kai kuma ka je ka sayo wata mai tata tsohuwar. Ka fara da tamostat da boljoyin a wannan albashin, man giya a na gaba, awon mai yana tafiya. Abu biyu ne za su sa in ce ka rabu da ita: layin ruwa a jikin bel, ko hoton gwanjo ya nuna casis ya lanƙwashe. In haka ta faru kuma, ka faɗa wa mai saye gaskiya. Ka rubuto mini bayan kilomita 1,000 da lissafinka.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Dashbod ɗin motata ya fara danƙo, yana kama ƙura, da rana yana ƙyalli a gilashi har ba na ganin hanya sosai. Sannan fitilar jakar iska ta kama ta ƙi mutuwa, mai wayarin ya ce zai cire ƙwan in huta. Ɗana ya ce a Amurka kyauta kamfani ke gyara irin wannan. Gaskiya ne? Da ita nake kai jikokina Islamiyya.
Daga wata Hajiya, Tarauni.

AMSA: Ranki ya daɗe Hajiya, Allah ya raya jikoki. Ɗanki bai yi ƙarya ba, sai dai labarin ya kwana biyu. Dashbod mai narkewa laifin kayan da aka yi shi da su ne, ba naki ba. An yi wannan kuka a kan motocin Toyota da Nissan da Mazda na wajen 2007 zuwa 2012, musamman a jihohin Amurka masu zafi irin Florida da Texas. Toyota ta amince a ƙarshen 2014 za ta canza wa masu Camry ta 2007 zuwa 2011 da wasu ƙirar kyauta, amma da wa'adi, kuma wa'adin ya wuce. A nan, abin yi shi ne a ɗinka masa shimfiɗa baƙa marar sheƙi, ko a samo wani dashbod ɗin. A daina goge shi da man ƙyalli, ƙara masa ciwo yake. In za ki ajiye ta a rana, a sa abin tare gilashi. A watan Afrilu, da zafin Kano ya haura digiri 40, saman dashbod yana kusan 70.

Abu ɗaya game da shimfiɗar: kada a manne ta da gam a kan ɓangaren fasinja, ta nan jakar iska ke fitowa.

Ƙwan fitila kuwa, kada ki yarda. Fitilar tana gaya miki ne jakar iska ba za ta buɗe ba ranar da ake bukatarta. Wani lokaci ƙaramin abu ne, mahaɗin waya mai launin rawaya a ƙarƙashin kujera ya saki, ko wayar cikin sitiyari ta tsinke. Wani lokaci kuma jakar ta riga ta fashe a haɗarin da ya kai motar gwanjo, aka ɗinke wurin aka fesa fenti. Kwamfuta za ta faɗa. Ga ma wata dabara ga masu sayen mota: idan aka murɗa makulli ba a ta da inji ba, fitilar jakar iska takan kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu ita kaɗai. In ta tsaya sai an ta da inji ta mutu tare da fitilar mai, wani ya haɗa musu waya.

Tunda kin ambaci jikoki, a sa ɗan naki ya shiga shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ya rubuta lambar casis, kyauta ne, zai nuna ko akwai kiran gyara da ba a yi wa motar ba. Dalilina shi ne jakar iska ta kamfanin Takata. Wajen miliyan 67 aka yi wa kiranye a Amurka kaɗai, a motocin kamfanoni 19, har Takata ta durƙushe a 2017. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da zafi da danshi na shekaru, ran da ya tashi sai ya fasa gwangwaninsa ya watso ƙarfe a fuskar mutum. Wannan ba ya kunna wata fitila. A Fabrairun 2023 Honda ta ce wa masu Accord da Civic na 2001 da 2002 da ba a canza wa jaka ba su daina hawa gaba ɗaya. In lambarki ta fito a ciki, a kai takardar wurin wakilin kamfanin na hukuma a nemi bayani a rubuce. Yara dai a kujerar baya, da bel, ko jaka tana aiki ko ba ta yi.

TAMBAYA: Baba, na fara aiki shekara biyu ke nan, ina son sayen motata ta farko. Tsakanin Camry, Accord, Sonata, Altima da 406, wacce ce ba ta lalacewa?
Daga wani matashi, Na'ibawa.

AMSA: Ɗana, wadda ke cikin kwali. Kowacce a cikin biyar ɗin nan tana da inda take ciwo. Na Camry ka karanta a sama. Accord mai silinda shida ta 2003 da farkon 2004, cikin waɗanda muke kira EOD, Honda ta yi musu kiranye a 2004 saboda giya ta biyu tana ɗaukar zafi, don haka mai silinda huɗu ta fi kwanciyar hankali. Hyundai ta kira Sonata 470,000 na 2011 da 2012 a shekarar 2015, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a inji tun a masana'anta yana hana mai isa ga metal har inji ya buga. In za ka saye ta, ka bincika da lambar casis ko an yi mata aikin. Altima daga 2007 giyarta CVT ce, ta bel da faifai, Nissan da kanta ta ninka garantin irin wannan giya zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010. Ba ta son zafi, ba ta son man da ba nata ba, masu iya gyara ta kuma ba su da yawa a garin nan. 406 daɗin hanya ba a magana, Faransa ta daina yin ta a 2004 amma Kaduna ta ci gaba na wasu shekaru, sai dai tana son mai wayarin da ya san Fijo, ba kowane ba.

Ga mai albashi ɗaya, ni Camry ko Accord mai silinda huɗu zan nuna masa, don kayansu suna ko'ina daga Ƙofar Ruwa har Kwakwaci, kowane gareji kuma ya san cikinsu. Amma Sonata mai lafiya ta fi Camry da ta sha ruwa. Ka je ganin mota da sassafe, ka ɗora hannu a kan bonet ka ji da sanyi kafin a ta da ita. Ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba. A tantance takardar kwastan kafin ka biya, a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar tudu. Kada kuma ka zuba duk kuɗinka a ciniki, ka ware kashi ɗaya cikin biyar na taya da mai da robobi, a watan farko za ka neme shi.

TAMBAYA: Malam, bakanike ya ce indomin salansata ya toshe, in bar masa shi ya cire, ba sai na biya kuɗin aiki ba.
Daga wani direba, Kurna.

AMSA: Ɗan'uwa, indomin nan shi ne matatar hayaƙi da ke jikin salansa, akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, irin su filatinam, masu saye suna zagaya gareji, shi ya sa aikin ya zama kyauta. In ya toshe da gaske, mota ba za ta iya hawan gada ba, totur a ƙasa amma ba gudu. In tana tafiyarta lafiya, ka bar abinka. In an cire, fitilar inji za ta kama ta zauna, hayaƙi zai yi wari, ran da wata matsala ta zo kuma ba za ka gane ba don fitilar dama a kunne take. Idan har cirewar ta zama dole, ka tsaya a wurin, a miƙo maka shi a hannu.